Ranar da Aka Binne Yaya, Rajista Ta Ce Ya Zo Aiki

An haifa mini jika, namiji, lafiyayye, mai kuka kamar jiniya! Kuma a cikin makon nan guda na gano inda aka binne yayana, bayan shekara hamsin da biyu ban sani ba. Ki yi haƙuri Malama mai fili, na fara zuba labari ban yi sallama ba, bakin ne ya ƙi riƙewa. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya masu karatu. Don Allah ki taimake ni, domin murnar nan ta zo da wani abu goye a bayanta, kuma kwana goma kacal gare ni in san abin yi.

Ni tsohon masaƙi ne. Shekara talatin da huɗu na yi a gaban injin saƙa, har ranar da aka rufe masaƙar aka danna mata kwaɗo. Ban yi makaranta ina yaro ba. Sai da na kai talatin da takwas na shiga ajin yamma na manya. Mu tashi daga aiki, mu kakkaɓe auduga daga gashin kanmu, mu je mu zauna a bencin yara gwiwa tana dukan tebur. Da wannan karatun nake rubuto miki, da hannuna, ban sa kowa ba, saboda maganar ba ta shiga kunnen kowa ba tukuna.

'Ya'yana biyu ne. Babban namiji ne, malamin makaranta, shi aka yi wa haihuwar, bayan shi da matarsa sun yi shekara goma sha ɗaya suna jira. Ƙaramar tana aiki a babban laburare, a wani ɗaki mai sanyi a hawa na biyu, inda suke ɗura tsofaffin takardu a kwamfuta. Da aka rushe ofishin masaƙarmu, a buhuna aka kwashe littattafanta aka kai musu: rajistar zuwa aiki, katunan ma'aikata, hotunan ƙungiyarmu ta ƙwallo. Shekara biyu ke nan tana kansu ita da abokan aikinta.

Wata rana tana ɗinke mini maɓallin riga ta yi mini bayanin aikin. Ta ce ba hoton takarda kawai suke ɗauka su ajiye ba. Kowane mutum da kowane wuri sai sun ba shi adireshinsa na kansa a intanet, don kada a haɗa shi da mai irin sunansa. Sannan kowace magana a raba ta gida uku: wane, ya yi aiki a, wuri kaza. Wane, ya haifi, wance. Na ce ai haka malaminmu na ajin yamma ya fara da mu a allo, ashe injin naku ɗan aji ɗaya ne. Ta ce ɗan aji ɗaya ne, amma mai hadda, ba ya mantuwa. Amfanin rabawar, in ji ta, shi ne kwamfutar laburare ta gane abin da ta asibiti ke faɗi, ta asibiti ta gane ta hukumar makarantu, ba tare da wani ya kwashe littafin wani ba. Kowane gida yana riƙe da nasa, sai dai a ja zare daga nan zuwa can a ce wannan mutumin shi ne wancan. Da zarar an ƙulla zaren, duk abin da gida biyar suka sani game da mutum sai ya taru a shafi guda. Har injin yana ƙara nasa. Idan ya ga wane ya haifi wane, wannan ɗin kuma ya haihu, da kansa zai rubuta cewa na farkon ya zama kaka, ba wanda ya gaya masa.

Ni da na ƙare ƙarfina ina ƙulla zaren da ya tsinke yadda mai sayen yadi ba zai ga ƙullin ba, na gane maganar tun kafin ta kai ƙarshe. Abin da bai taɓa zo mini a rai ba shi ne wata rana za a ja zaren ta kaina.

Kwana uku da haihuwar ta ce in shirya, za ta nuna mini wani abu. Muka hau bene ina haki tana yi mini dariya. Ta zaunar da ni a kujerarta mai juyawa, ta buɗe shafi. Sai ga katina da hoto da lamba. Ga shekarun aiki a jere, ga ni a hoton ƙwallo ina tsugune da safar hannu, don ni ne mai tsaron gida. Ga takardar shaidar ajin yamma, wadda ta fito daga kwamfutar wani ofishi da ban taɓa takawa ba. Ga 'ya'yana. Ta sa sabon yaron a kwafin gwaji don ta faranta mini, injin kuwa ya rubuta da kansa cewa ni kakansa ne. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Ta ce nan da 'yan kwanaki za a buɗe aikin ga jama'a, manya za su zo, kuma shafina ta zaɓa a fara nunawa a babban allo.

Sai na ga wani jan layi a can ƙasa. Na tambaya. Ta kwashe da dariya ta ce, Baba, injin ya kashe ka. Wai da suka ƙulla da tsohuwar rajistar asibiti, an sami mutum mai sunan nan da lambar nan, an kwantar da shi da ciwon ƙirji, ya rasu wata ranar Talata. Daga asibiti zare ya wuce zuwa littafin maƙabarta: an binne shi ranar, sahu na tara, jikin katangar gabas. A sama kaɗan kuma ga rajistar masaƙa ta wannan Talatar, an yi wa sunan maki, ya zo aiki. Ta ce injin ya ɗaga jan layi ne don mutum ba ya mutuwa ya kuma haihu bayan shekara tara. Ita a ganinta wani akawun asibiti ne ya rubuta lambata a kan gawar wani baƙo.

Malama, injin bai yi kuskure ba, akawun ma bai yi ba. Sunan da ke kan katin nan ba nawa ba ne, na Yaya ne.

Mu uku muka zo garin bayan rasuwar mahaifinmu, Inna da Yaya da ni. Ɗaki ɗaya muka kama a bayan katangar masaƙa, inda ƙugin injuna ke sa kwanon ruwa rawa. Yaya yana da shekara ashirin ya sami aiki, aka ba shi lambar tagulla ya rataya a wuya. Wata bakwai ya yi tari ya kama shi. Doka kuwa ita ce wanda ya yi fashin kwana uku, a ba injinsa ga ɗaya daga cikin masu tsayuwa a bakin ƙofa. Ni shekarata goma sha shida, ban isa a ɗauke ni ba, amma ina da tsayi, kuma fuskarmu ɗaya. Yana kwance ya koya mini ƙulli da zaren da ya zare daga bargonsa. Ya cire lambar ya rataya mini, ya ce in riƙe masa wuri kafin ya warke. Shugaban layinmu, wanda muke kira Mai Usur, ya daɗe yana kallona ranar farko. Ya kalli lambar, ya sake kallona, sannan ya busa usur ɗinsa ya juya baya.

Wata uku ina riƙe da wurin. Ranar Talatar nan da safe saƙo ya zo daga asibitin da aka kwantar da Yaya cewa ya cika. Mai Usur ma ya aiko cewa takardar asibitin za ta iso ofis, shi ya san yadda zai yi da ita, amma lallai a ga mai lambar tsaye a gaban injinsa ranar, in ba haka ba babu abin da zai iya. Inna ce ta rataya mini lambar da hannunta, ba ta kalli idona ba. Maƙwabtanmu biyu da ma'aikatan asibiti su suka kai shi. Ni kuwa ina cikin sahu aka kira sunansa, na amsa.

Inna ta kwanta zazzaɓi makonni, ba ta san wurin ba. Maƙwabtan nan 'yan ci-rani ne, kafin in sami bakin tambayarsu sun tashi. Sau ɗaya na je ƙofar maƙabartar. Mai gadi ya buɗe littafinsa ya tambayi sunan mamacin, sannan ya ce in nuna katina. Na ce na yi mantuwa a gida, na juya. Ban sake komawa ba.

Daga nan sunan ya manne mini. Da shi na yi aure. Sai a shekara ta biyu na gaya wa uwar yara. Ta tashi ta ciro babban hoton katin da ke rataye a ɗakinta, wanda ashe na Yaya ne, ta kai falo, ta ce ita ba za ta riƙa canza kaya a gaban baƙon namiji ba. Iyakar abin da ta ce ke nan har ta koma ga Allah, shekara shida yanzu. Hoton yana nan a falo, yarana sun tashi suna cewa Baba ne yana saurayi. Inna kaɗai take kirana da sunana na gaskiya, shi ma sai ta tura ƙofa. Tun da ta rasu ban sake jin sa a bakin kowa ba. A ajin yamma, ranar farko malam ya karɓi katunanmu ya rubuta wa kowa sunansa a saman littafi ya ce mu kwafa sau ashirin. Kalmar farko da hannuna ya iya rubutawa a duniya sunan Yaya ce. A takarda ma na girmi kaina da shekara huɗu, yarana har tsokanata suke yi wai ɗan saba'in da biyu amma yana tsere da bas.

Na ɗauka abin ya kwanta. Tun ranar da na ga shafin nan ya tashi zaune. Ina zaune a kujerar ofishinta fuskar kwamfutar ta ɗauke ta yi baƙi, sai na ga fuskar tsoho daidai inda fuskar saurayin take, na rasa wanne ne ke kallon wanne. Na je asibiti karɓar maganin hawan jini, aka kira sunan, sai na sami kaina ina jira in ga ko wani zai miƙe. Na bi ta gefen katangar masaƙa da tsakar rana, wallahi na ji jiniyar canjin aiki, alhali shekara goma sha takwas ke nan ba ta yi kuka ba. A cikin injin nan Yaya ya yi rayuwa cikakkiya. Ya auri matata, ya haifi 'ya'yana, ya kama fenariti a wasan ƙarshe, ya yi karatu da girma, yanzu ga shi ya yi jika. Ni kuwa babu ni ko a layi ɗaya.

Ga kuma yaron. Duk wanda ya zo barka sai ya ɗaga kai ya dubi hoton falo ya ce kakansa sak, har hancin. Gaskiya suka faɗa, da hoton yake kama, ya fi kama da shi a kaina. Jiya ɗana ya durƙusa a gabana ya ce ya sa masa sunana. Na sa albarka murya tana rawa, suka ɗauka murna ce. Murnar ce, amma ba ita kaɗai ba. Na karɓe shi na ce masa, kai ɗan baƙo, ka makara, matar da za mu yi rigima a kanta ta riga mu gidan gaskiya. Ya damƙe mini yatsa. Ban iya kiran sunan ba har yanzu, Ango nake ce masa.

Na je maƙabartar ranar Alhamis da hantsi. Wannan karon ban tsaya wurin mai gadi ba, na rubuta sahun a tafin hannuna. Na ƙirga daga ƙofa har tara, na bi har jikin katanga. Babu alama, ciyawa ce da wata fasasshiyar butar ban ruwa. Na yi masa addu'a, sannan na zauna a ƙasa na miƙa masa aiki yadda muke yi idan masu safe za su tashi masu rana su karɓa. Na gaya masa injinsa ya yi shekara talatin da huɗu bai taɓa kwana hannun wani ba. Na gaya masa Inna ba ta yi yunwa ba. Na gaya masa yara sun yi karatu, an rufe masaƙa, Mai Usur ya rasu. Na fito ina jin jikina sakayau, na tsaya a hanya na saya wa Ango safa 'yar mitsitsiya, ina dariya ni kaɗai a cikin bas.

To ga matsalar. Shugabar su 'yata ta ce ba za a nuna shafi da jan layi ba, kuma ba sa yanke zare sai da shaida. Sai 'yata ta buga takarda ta kawo mini, ta ce sa hannu kawai zan yi. Takardar tana cewa mamacin da ke rajistar asibiti ba shi ne mai wannan suna da lamba ba. Idan na sa hannu, za a yanke shi daga shafin, a rubuta a kansa ba a san ko wane ne ba. Mutuwar nan da kabarin nan su kaɗai suka rage wa Yaya nasa na kansa, duk sauran na shiga ciki na zauna. Su ma in ƙwace?

Idan kuma na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli ɗana, mutumin da yake mayar da ɗalibi gida don ya kwafi amsa ɗaya? Duk takardunsu da wannan sunan aka rubuta uba. 'Yata ta yi shekara biyu tana wahala, ta ɗauki ubanta ta sa a gaba don alfahari, sai in watsa mata ƙasa a ido? Ita da bakinta ta ce mini abin da aka saki ya saku, kwamfutocin wasu gidajen za su ɗauka su ajiye, ba mai iya kiran sa ya dawo. Ban kuma sani ba ko abin da na yi laifi ne a wurin hukuma. Takardar tana aljihun rigata, ta yi laushi don naɗewa da warwarewa. Kullum ta bugo waya sai in ce tabarau na ajiye ban san inda yake ba.

Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci, na saba da maganin ɗaci.

Duk da haka ba zan rufe ban faɗi wannan ba: aikin yaran nan abin kallo ne. Na ga abokan da na manta fuskarsu, na ga wanda ya koya mini ɗaura takalmin ƙwallo. Duk wanda ya taɓa shaƙar auduga a masaƙa, ko ubansa ya shaƙa, ya zo ranar buɗewa, hawa na biyu, akwai kujeru. Ke ma ki zo, ki zo da masu karatunki. Daga can mu wuce gida ku ga Ango, ku ga hancin da idonku.

Naki,
Tsohon masaƙi

AMSA

Wa'alaikumus salam, Baba. Barka da arziki. Allah ya raya Ango, ya ba mai jego lafiya, ya jiƙan Yaya da Inna da uwar yara.

Kada ka sa hannu a takardar nan. Na fara da wannan don kwanakin sun matse, sauran maganar tana biye.

Ba zan ce dalilan yin shiru ba su da nauyi ba. Suna da shi. Shekara hamsin da biyu asirin nan bai cuci kowa ba. Faɗinsa zai girgiza mutum biyu a makon da ya kamata su yi ta murna, kuma ba ni da tabbacin ɗanka zai karɓa da sauƙi. Da a ce tambayarka ita ce ko ka tara su haka kawai ka ba su tsohon labari, da na ce ka zaɓi lokacinka, ba gaggawa.

Amma ba shiru aka nema a wurinka ba, sa hannu aka nema. Wanda aka rataya wa lamba yaro ne ɗan shekara goma sha shida. Manya uku ne suka yanke shawarar, yayansa da uwarsa da shugabansa, don tukunya ta ci gaba da hawa wuta. Ban ga sata a nan ba. Wanda zai sa hannu yau kuwa dattijo ne da ya iya karatu, ya kuma san abin da ke rubuce ba haka yake ba. Ƙaryar kuma ba a aljihunka za ta zauna ba, a cikin aikin 'yarka za ta zauna, da sunanta a ƙasa. Kai da kanka ka ce injin ba ya mantuwa, kuma kullum ƙara masa littattafai ake yi. Baɗi wani buhun takardu zai fito daga wani sito, a ƙulla shi, jan layin ya dawo. Ka fi so ta ji daga bakinka a falo, ko daga kwamfuta a gaban shugabarta?

Na tambayi wata da ta san irin wannan aikin, ban ba ta labarinka ba. Ta ce gano cewa mutum biyu ne aka haɗa a shafi ɗaya abu ne da suke cin karo da shi kullum, kuma gyaransa ba abin kunya ba ne, shi ne ma aikin. Ba a goge komai. Kowa a ba shi adireshinsa. Yaya ya riƙe wata bakwai ɗinsa da hotonsa da kabarinsa. Kai ka riƙe sauran shekarun da ƙwallonka da takardar karatunka da zuriyarka. Lambar a ƙulla ta da ku biyu, kowa da lokacinsa. Ta ƙara da cewa bayanin mutumin da yake raye ba dole ne a sake shi ga jama'a ba, kana da ikon cewa a rufe naka. Saboda haka raba shafin daban, shelanta dalili daban. Na farkon wajibi ne, na biyun zaɓinka ne, kuma kada ka yanke shi a makon nan. A janye shafinka daga babban allo, akwai ɗaruruwan masaƙa da za a iya farawa da su. Jaririn ma a cire shi ko daga kwafin gwajin, bai isa shiga allon kowa ba.

Ga yadda nake ganin za ka bi abin. Ka fara da 'yarka, a gida, ba a ofis ba, ku biyu kawai. Ita ce agogo ke bi, tana bukatar kwanakin da suka rage don ta gyara shirinta. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi, wataƙila ta tuna dariyar da ta yi a kan jan layin ta ji ba daɗi. Ka bar ta ta yi, kada ka cika ta da ban haƙuri. Sai ɗanka, kwana ɗaya ko biyu bayan haka, don kada ya ji an ware shi. Mai tsanani a kan kwafar amsa ya san bambancin ɗalibin da ya yi ha'inci da yaron da ya tsaya a gaban inji don uwarsa ta ci abinci. Idan bai gane ranar farko ba, ka ba shi lokaci. Shekara arba'in da uku yana kallon hoton wani yana cewa Baba, ba a warware wannan a zama guda.

Sunan yaron kada a taɓa shi. An sa masa sunan mutum biyu da suka riƙe gida ɗaya, ba kowane jariri ke samun haka ba.

Batun hukuma ni ba lauya ba ce, ba zan yi maka ƙarya ba. Kafin a saki ko layi ɗaya ga jama'a, ku je da ɗanka wurin lauya ku tambaya a kan takardunka da nasu. Kada ka fara canza wata takarda da kanka.

Jiniyar da kake ji da fuskar da kake gani, ban ɗauka Yaya ne ke bin ka ba. Jana'iza ce aka yi ba ka je ba, ta tsaya maka a wuya tun kana yaro. Ka fara sauke ta ranar Alhamis, amma kai kaɗai. Ka koma da yaranka, su ƙirga sahun da ƙafarsu, su san suna da baffa. Idan bayan haka abin bai lafa ba, ka gaya wa likitan da ke duba maka jini, ba abin ɓoyewa ba ne.

Ga kuma ɗan aikin gida, tunda kai ɗan aji ne. Ka taɓa rubuta sunanka na gaskiya da hannunka kuwa? Ka samu takarda ka gwada tun yau. 'Yarka za ta bukaci yadda ake rubuta shi harafi-harafi, kuma babu rajistar da za ta duba ta samu, sai wurinka.

Na karɓi gayyata, zan zo in ga aikin in kuma ga hancin. Amma akwai abin da ya riga ranar buɗewa. Na cire lambar da ka rubuta, na sauya abin da zan iya sauyawa, sai dai 'ya ta san muryar ubanta ko a takarda. Ba ka bar mini adireshi ba, don haka a jarida kake karanta wannan, jaridar kuma laburare ake fara kai ta. Har ina zargin wani ɓangare na zuciyarka ya san haka lokacin da ka ɗauki biro. Kada ka bari ta ji a bakina. Ajiye jaridar, Baba, sa takalminka.

Allah ya sassauta maka harshe, ya sanyaya zukatansu, ya bar ku tare.